Kati Huɗu a Ƙasan Akwati

A masaƙar da na yi aiki a Kakuri kowane ma'aikaci yana da kati. Ba wanda ake nunawa a bakin ƙofa nake nufi ba. Wani ne mai kauri, ruwan ƙasa, da ke zaune a ofishin ma'aikata cikin durowoyin ƙarfe. A gabansa akwai suna da lamba da garin mutum da ranar da ya fara aiki da sassan da ya taɓa zama. Ni nake buga waɗannan da tafireta. Bayan katin kuwa ba ruwana da shi, wannan gonar Baba ce.

Baba mutumin Filato ne, ya fi shekara ashirin yana tsaron durowoyin nan, kuma kullum da jan biro a aljihun rigarsa. Duk abin da ya kamata a sani game da mutum, wanda ba shi da gurbi a gaban kati, sai ya juya ya rubuta a baya. Wane kunnensa na hagu ba ya ji. Wane matarsa ta rasu, in wani abu ya faru a nemi ƙanwarsa. Wani lokaci likitan masaƙa ne zai rubuta nasa ya buga hatimi. Kafin a canja wa kowa wurin aiki sai an aiko wa Baba, shi kuma ya jawo kati, ya gyara tabarau, ya juya. Ni a lokacin shekarata ashirin da huɗu, yatsuna da sauri, bakina ya fi su sauri. Nakan ce masa ya zama ɗan tsegumin masaƙa mai lasisi, shi kuma ya yi dariya ya ce in bari in tsufa tukuna.

A ƙarshen shekarun tamanin aka kawo mana kwamfuta, guda bakwai cikin kwalaye. Aka share wani ɗaki, aka sa masa na'urar sanyi da labule, aka ce ba a shiga da takalmi. Manajojin da ke tafiya kamar ƙasar ta ubansu ce sai ga su a bakin ƙofa da safa mai huji, suna leƙe. Tare da kwalayen aka turo wani injiniya daga Legas, siriri, mai haƙuri, ba ya cin komai sai burodi da gyaɗa. Ni aka ba shi in taya shi, don na fi kowa saurin bugu, kuma ban ɓoye wa kowa cewa na san haka ba.

Injiniyan bai buɗe kwalaye bakwai ba, ɗaya ya buɗe. Ya ce wannan ita ce uwa. A cikinta za mu tsara gurabe, na suna da na lamba da na gari da sauransu, mu gwada ta da kati sittin, mu buga a takarda, mu gwama da katunan layi bayan layi. In komai ya yi daidai, mu sa hannu, sannan a kwafe tsarin a faifai a zuba wa sauran shida, a zaunar da masu bugu su shigar da dubban katunan masaƙa. Ya maimaita mini sau da yawa cewa abin da uwa ba ta sani ba, 'ya'yanta ba za su taɓa sani ba. Idan gwaji ya nuna ana bukatar ƙarin gurbi, yanzu ne lokacin faɗa, ko da yake sai ya koma Legas ya sake tsari, mako biyu ko uku ke nan. Bayan an kwafe kuwa, sai dai a rushe a fara daga tushe, kuma babu wanda zai yarda da wannan.

Tun ranar farko Baba ya ɗaga maganar bayan kati. Oga, shugaban ofishinmu, ya ce ba a sayo injin mai tsada don a zuba masa labaran mutane ba. Injiniyan ya raba gardamar, ya ce gwaji ne zai yi hukunci: za a zaro sittin ido a rufe, in rubutun baya ya fito a cikinsu kuma yana da muhimmanci, zai ƙara gurbi. Baba ya gamsu, ya mayar da bironsa aljihu.

Ga abin da ke raina a makon nan. Aurena saura kwana goma. Ina zaune gidan yayata a Barnawa, ɗakin cike da kwanuka da zannuwa, tela yana yi mini wasa da hankali, mutanen ƙauye sun riga sun kama mota. Oga ya faɗa mini a fili cewa hutuna zai fara ne ranar da aka sa hannu a takardar gwaji, ba kafin nan ba.

Ranar Laraba injiniyan ya bi durowoyi yana kau da kai yana zaro kati, ya ƙirga sittin ya sa a ambulan ya ajiye mini. Da aka busa jiniyar cin abinci kowa ya fita, na zauna ni kaɗai a ɗakin sanyi na zazzage su a tebur. Ban san abin da ya sa na fara juya su ba, wataƙila zama da Baba ne. Hamsin da shida bayansu fari fat. Huɗu suna da rubutu. Uku jan biron Baba ne. Na huɗun rubutun likita ne da hatimi, kuma da na juya gabansa sai na ga sunan Kawu.

Kawu ba ɗan'uwan mahaifiyata na jini ba ne. Ɗan ƙauyenmu ne, tare suka tashi da mahaifina. Ranar da na fara zuwa Kaduna shi ya tare ni a tasha, ya ɗaure akwatina a bayan kekensa, ya tura har Barnawa ina biye da shi. Shi ya ji ana neman mai bugu a masaƙa ya gaya wa yayata. A Romi yake zaune, a sashen naɗe yadi yake aiki, kuma a cocinmu na 'yan gida shi ne ginshiƙin masu babbar murya. In ya ja layi, benci har rawa yake a ƙarƙashinka. Ban taɓa jin ya yi maganar ciwo ba. Amma ga shi a rubuce: ya yi shekara tara a ɗakin auduga, inda ake kwance dilar auduga ana kaɗe ta, ƙurar ta taɓa masa ƙirji, kada a sake mayar da shi can ko na kwana ɗaya.

Na karanta sau biyu. Na gane sarai cewa wannan shi ne irin abin da injiniyan ya ce in faɗa. Na kuma lissafa mako uku, na ga sun haɗiye ranar aurena. A kan teburina na waje akwai katunan sababbin ma'aikata da na buga a makon, bayansu ko ɗigo babu. Na fita na ɗauko huɗu na cike gurbi. Na so in mayar da waɗancan cikin durowa, amma Baba yana zaune a gabanta yana cin dafaffen dankalinsa, don haka na tura su cikin jakata. Na ce wa kaina ai Kawu nawa ne, ba sai injin ya sani ba, ni zan riƙe a kaina. Sauran ukun ko tunaninsu ban yi ba.

Ranar Juma'a aka yi gwamawa. Ni ina karantawa daga doguwar takardar da injin ya buga, Baba yana riƙe da kati, injiniyan yana sa alama. Hannun Baba ya saba, kowane kati sai ya juya shi kafin ya ajiye. Da muka kai na sittin ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

“Sittin,” ya ce, “ko ɗaya babu jan biro.”

Na ce, “To Baba, ka gani, ba su da yawa kamar yadda kake tsammani.”

Ya mayar da tabarau ya dube ni. Oga ya yi dariya ya ce hukunci ya yanke. Injiniyan ya sa hannu, na sa nawa a ƙasa, har da ƙawata shi da wutsiya. Da yamma aka buɗe sauran kwalaye shida. Baba kuwa ƙarshen watan aka sallame shi da agogon bango, tunda an ce aikinsa ya ƙare.

A wurin aurena Kawu ya rera waƙa shi kaɗai, ba makirfo, har na bakin titi suna ji. Na yi kuka, mutane suka ce kukan amarya ne, kuma gaskiya shi ne, don a ranar ko tuna katin ban yi ba. Da aka kai ni gidan mijina a Unguwar Boro ina jera kaya sai na ci karo da su a jaka. Na sa su a ƙasan akwatin zannuwana, inda yayata ta zuba mini ƙwayoyin kafur don asu, na ce in na koma aiki zan mayar. Da na koma, an riga an ɗaure katuna ɗari ɗari an zuba a kwalaye an kai sito, mabuɗin kuma sai an sa hannu ake karɓa. Abin da na yi shi ne na kwafi gaban katunan huɗu a takarda na shigar da su injin da hannuna, don kada lissafin mutane ya gaza. Aka naɗa ni shugabar ɗakin sanyi. Na sayi safa masu kyau.

Wata biyar bayan haka kasuwar yadi ta yi sanyi. Aka rufe wasu injinan saƙa, aka fara rage mutane, waɗanda suka rage aka shiga jujjuya su. Oga ya leƙo wata safiya ya ce yana son sunayen duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin auduga, don can ake da giɓi. Da can aikin kwana uku ne. Na danna maɓallai, cikin minti kaɗan takarda ta fito, na yage na miƙa masa ina jin daɗin yadda ya buɗe baki. Ban karanta sunayen ba. Wannan riƙewa a kai da na yi wa kaina alkawari, iyakarta ke nan.

Bayan mako biyu aka ce ana sallama da ni a ƙofa. Kawu ne, ya riga ya cire takalminsa ko da yake ba shiga zai yi ba. Auduga ta kwanta masa a gira da gashin kai, ya zama kamar tsoho. Ya gaishe ni, ya tambayi maigidana, ya tambayi jikina, don cikina ya fara fitowa. Sannan ya rage murya.

“'Yata, akwai wani rubutu a bayan katina. Tsohon likita ne ya yi. Ki taimaka ki duba mini a injin naku.”

Na ce injin ba ya ɗauke da bayan kati. Na faɗe shi kamar wani ne ya tsara haka. Muka je wurin Oga, ya sa mai sito ya kwance kwalin lambar Kawu, aka bi ɗaya bayan ɗaya, babu. Aka sake bi a gaban Oga, babu. Ina tsaye a wurin, har ina taya su riƙe igiya. Oga bai yi mugunta ba, ya bayyana masa yadda abin yake. In tsohon kati ya fito da hatimi, to umarni ne na masaƙa tun da can, dole a bi. In babu, sabon ƙorafi ne, sai ya je wurin sabon likita, kuma duk wanda aka rubuta wa cewa ba shi da ƙoshin lafiya a wannan lokaci, sunansa ne farko a jerin waɗanda za a sallama. Kawu yana da yara biyar a makaranta. Ya ce zai lallaɓa, ya ɗaura hankici a hanci ya koma.

Katin yana Unguwar Boro, ƙarƙashin zanen da na sa ranar godiyar aure. Tafiyar rabin awa ce a bas. Na sani, kuma na san abin da zai biyo baya in na fito da shi daga jakata: za a tambayi yadda ya je can, a jawo takardar gwaji, a ga lambobin sababbin ma'aikata huɗu a cikin sittin, a ga sa hannuna da wutsiyarsa. A lokacin ana korar mutane kan makara ta minti goma. Mijina ma aikinsa rawa yake, ga ciki. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa, kuma na yi masa ado da dabara. Na ce bari ƙura ta lafa, sai in san yadda zan jefa shi cikin wani kwali a tsinta. Kowace Litinin sai in ce mako mai zuwa.

Lahadi goma sha ɗaya na yi haka. Na san adadinsu don a coci nake ƙirgawa. Ina cikin mawaƙa, layinmu na mata yana gaba, Kawu yana bayana daidai, numfashinsa a wuyana. Akwai layukan da yakan ja su a numfashi ɗaya tun ina yarinya. A Lahadi ta uku na ji ya yanka ɗaya a tsakiya ya ja iska. A ta biyar yana yankawa sau biyu, kuma akwai wani ɗan fito a ƙarƙashin muryar, siriri, wanda sai na kusa ke ji. Mai koyar da mu ya fara waiwayowa. Kawu ya ce mura ce. Ya daina hawan keke zuwa coci, yana turo shi. In an tashi ya kan tsaya ya ce mini kada in damu kaina, ya san ina iya ƙoƙarina, ni kuma in ce ai muna nan muna nema. Na taɓa kai masa zuma da citta har Romi, matarsa ta yi ta sa mini albarka, na dawo gida na buɗe akwatin na kalli katin na rufe.

Ban gaya wa mijina ba, ban gaya wa yayata ba. Sau ɗaya na haɗu da Baba a kasuwa yana sayen ƙusa, ya tambaye ni yaya uwa da 'ya'yanta, wato injinan. Na ce lafiya lau. Ya ce ya ji labarin mutumin Romi, kuma shi dai ya san da hannunsa ya jera katin nan a durowa ta uku. Na ce rana tana yi, zan wuce.

A Lahadi ta goma sha ɗaya, muna tsakiyar baiti na biyu, muryar da ke bayana ta ɗauke. Na ji bencin ya yi ƙara. Da na waiwaya Kawu yana zaune, hannayensa a gwiwa, bakinsa a buɗe, yana neman iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Matarsa ta keto layi tana yi masa fifita da littafin waƙoƙi. Maza biyu suka riƙe shi suka fita da shi. Mu kuma muka ƙarasa waƙar, da ni a ciki.

Washegari na ɗauki katunan huɗu na sa a cikin rigata. Na ce wa Oga ina so in sake duba sito, wataƙila an jefa shi a kwalin da ba nasa ba. Na sa hannu na karɓi mabuɗi. Na yi awa biyu a ciki ina jan kwalaye don a ji motsi, na shafa ƙura a siket da goshi. Ukun na cusa su inda na ga dama, kuma har yau ban san abin da ya sami masu su ba. Na Kawu na goga shi a ƙasa, na lanƙwasa gefensa, na fito da shi a sama ina cewa na samu.

Kawu ya kwana uku a gida kafin ya iya zuwa. Oga ya ce a ba shi ya tabbatar nasa ne, don haka a barandar ofis na miƙa masa, mu biyu kawai. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya, ya ga hatimin. Sai na ga ya tsaya. Ya ɗaga katin a hankali ya kai hancinsa. Wata takwas da ɗoriya a ƙasan akwati, ƙurar awa biyu ba ta isa ta rufe wannan ba. Sitonmu warin ɓera da ruɓaɓɓen kwali yake yi, kowa ya sani, shi ma ya shiga ranar da aka nema.

“Kafur,” ya ce.

Na kasa ɗaga kai. Ina kallon ƙafafunsa, yau ma ya cire takalmi. Ya ja numfashi, ya jira ya samu, ya sake ja. Ya dubi cikina, ya dubi ƙofar Oga. Sannan ya goga katin a gaban rigarsa ta aiki, gaba da baya, sau da yawa, har warin mai da auduga ya kama shi.

“An ajiye shi da kyau, 'yata,” ya ce. “Mu shiga.”

A ranar aka mayar da shi sashen naɗe yadi, daga baya aka ba shi kujera a ƙofar ɗakin zare, don tsayuwa ma ta fara yi masa wuya. Ba a kore shi ba, ni ma ba a kore ni ba. Ba a ƙara gurbi a injin ba, sauran jan biron Baba ya ci gaba da zama a sito. Kawu bai sake tayar da maganar ba, ko da ido. Da na haihu ya aiko da acca da kaza. Na yi niyyar zuwa Romi in durƙusa in faɗa da bakina, na sa rana ya fi sau goma, kuma kunya ta hana ni abin da tsoro ya fara hana ni.

Bai koma layin mawaƙa ba. A bencin baya yake zama, kusa da taga. Ranar godiyar ƙarshen shekara matarsa ta tashi a gaban jama'a ta ba da shaida. Ta ce maza sun nema sau biyu sun gaza, amma yarinyar nan, da cikinta da komai, ta shiga ƙura ta yi awa biyu sai da ta fito da takardar da ta ceci maigidanta. Ta ce in tashi a gan ni. Na tashi da jaririyata a kafaɗa. Mawaƙa suka ɗauki waƙa, coci ya ɗauki tafi, na waiwaya baya. Kawu yana zaune bakinsa a rufe, yana tafawa tare da kowa, kuma tafin ne kaɗai ya iya kaiwa har ƙarshen waƙar.